Ƙwallon Zaren Inna Bokrye

Ni mai sayar da kimci, wato tsimammen kabeji mai yaji, da soyayyen kifi ce a ƙasan dogon benen nan na birnin Daegu a Koriya, kuma ba na shiga sabgar mutanen sama. Amma abin da aka yi wa Inna Bokrye, wallahi ba zan yi shiru ba.

Shekararta sittin da uku. Ashirin da bakwai daga ciki a masaƙa ta yi su, tana ƙulla zare har yatsunta suka karkace. Da aka rufe masaƙar sai ta koma raino. Yara tara ta raina a unguwar nan, Narin ta hawa na sha huɗu ce ta goma. Kullum da la'asar za ta sauko da ita a goye, ta zauna a kujerar da ke bakin shagona.

Narin ta kai wata tara ba ta rarrafe, hankalin uwarta ya tashi. Ta cika falo da kayan wasa masu fitilu da kiɗa, yarinya ko kallo ba su ishe ta ba. Inna Bokrye fa? Murfin tukunya da cokalin katako. Ta ƙulla tsummoki kala-kala da juna ta cusa a kwali, Narin ta yi ta ja tana ƙyalƙyala dariya. Ta kifa kwano a kan safa ta ce, "Ina ta shiga?" Ta koya mata tafi, da girgiza kai, da dunƙule hannu a buɗe, irin wasan da aka yi mana muna jarirai. Sai wani ƙwallon farin zare da ba ya barin aljihunta. Ta gangara shi nesa kaɗan, ta jira. A kwana na goma sha biyu Narin ta bi shi da rarrafe. A gabana aka yi, har kifina ya ƙone ina ihu.

Saura wata ɗaya bikin cika shekara, ranar da ake jera wa yaro zare da kuɗi da fensir da sauransu a tire, abin da ya ɗauka a ce makomarsa kenan, sai ga kakar Narin ta wajen uba. Mijinta likita, ɗanta likita. Ta zo da abin sauraron ƙirji na roba, ta sa aka kwashe murfi da kwali da kwano.

Maman Narin ce ta isar da sauran saƙon. "Inna, kin san halin surukata. Daga yau abin likitan nan kawai za ki riƙa ba ta. Ta ce in yarinyar ta kunyata ta a gaban baƙi, mu nemi mai raino mai takardar shaida."

Ku ji fa! Matar da ta sa 'yarku rarrafe, yau aikinta ya rataya a kan abin da jaririya za ta cafka.

Da Inna Bokrye ta gaya mini na ce, "Yaya, abu mai sauƙi. Shafa wa abin gasasshen dankali. Kwana uku ba za ta sake shi ba."

"In yi wa jaririya wayo? Ke dai ji da kifinki."

"To ki zauna nan, su kore ki."

Ta sunkuya tana gyara wa Narin safa. Na san ba albashin take ji ba, yarinyar take ji.

A sama ta bi umarni, don akwai kyamara a falon. Ta miƙa abin likita, Narin ta ɗan tauna, ta yi jifa da shi, ta fashe da kuka. Sai sun sauko wurina zare yake fitowa daga aljihu. "Minti goma ne fa," in ji ta. "A bar yaro ya yi dariya ko sau ɗaya a wuni."

Ranar biki na je, don Maman Narin tana sayen kimci a wurina. Aka zaunar da mu a teburin bakin ƙofa, ni da Inna Bokrye. Aka kawo tire. Abin likita a gaban hancin yarinya, zare can a gefe kamar an manta da shi. Kaka har da girgiza abin tana, "Nan, nan, 'yar albarka!" Narin ta taka shi da gwiwa ta wuce, ta damƙi zaren. Ta ɗaga kai tana dube-dube, ta hango mu, ta wurgo shi wajenmu, ta zauna tana jira a gangaro mata.

"Zare ta ɗauka, tsawon rai kenan!" in ji mai gabatarwa. Baƙi suka yi tafi. Kaka kuwa ta haɗe rai kamar an yi mata mutuwa.

Bayan kwana biyu aka sallami Inna Bokrye. Ta sauko da jakarta ta zauna a kujerar, bayanta ba goyo. Na yi ta zazzaga masifa, har na cire rigar aiki zan hau sama. Ta riƙe mini hannu.

"Ban taɓa gaya miki ba," ta ce. "Na haifi ɗa, Gitae. Na riga na sayi zaren bikinsa, zazzaɓi ya ɗauke shi yana wata goma sha ɗaya. Shi ne wannan na nannaɗe." Ta taɓa aljihunta. "Da Narin ta ɗauki zare, murna ta cika ni. Na ɗauka kowa murna yake."

Haba jama'a! A ce miki jikarki za ta daɗe a duniya, ki ɓata fuska? Tir. Makon jiya kakar ta zo sayen kimci, na ce ya ƙare, ga roba cike a gabanta.

Inna Bokrye tana garin Gumi yanzu, wurin ƙanwarta. Narin kuma a keken turawa ake wucewa da ita, an maƙala mata waya a gaban ido, sabuwar mai raino mai takardar shaida na tura ta. Amma duk sa'ad da suka zo daidai shagona sai ta juyo ta kalli kujerar nan da ba kowa, ta dunƙule hannu, ta buɗe.

Ni nake ajiye wuƙa in dunƙule nawa hannun, in buɗe, in mayar mata.