Inuwar Rawanin Baba Halilu

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya san abin da na manta. Zan faɗi labarin Baba Halilu, ladanin unguwarmu a Illela, don shekara ashirin da 'yan kai danga ɗaya ce tsakanin gidana da filin da yake awon inuwa, kuma waɗanda suka san shi suna ta ƙarewa.

Ba ɗan garin nan ba ne. An kamo shi a yaƙi yana ɗan shekara shida ko bakwai, ko sunan garinsu bai riƙe ba. Ranar da aka kama shi takobi ya same shi a ka, ya bar masa tabo tun daga kunnen hagu har tsakar kai, gashi bai ƙara fitowa a wurin ba. Wani tsohon malami a Wurno ya saye shi. Yaran can suna ce masa Ɗinkin Ƙwarya. Idon malamin ya yi rauni, sai ya riƙa tura shi cikin rana ya auno masa lokacin salla. Haka ya koya, kai ba hula, ƙafa ba takalmi, kamar kowane yaron gida. Da malamin zai rasu ya 'yanta shi. Ya biyo ayarin masu kanwa zai tafi Ƙwanni, zazzaɓi ya kwantar da shi a nan, ya warke, ya zauna.

Karatunsa bai wuce na salla ba. Amma yana da murya, kuma ya san rana. Da tsohon ladani ya rasu, Liman Ma'aruf ya ba shi aikin, aka naɗa masa rawani a kan doguwar hula. Tun daga ranar ba wanda ya sake ganin kansa. Ko wanzami sai ya shiga ɗaki an saki asabari.

Kowace rana yakan tara yaran unguwa a filin nan, maza da mata, ya jera su.

"Ku juya ma rana baya. Kowa shi dubi inda inuwar kanshi tat tsaya, a aje tsakuwa. To, diddige ga yatsa, diddige ga yatsa, ku ƙidaya. Ba tsallen kwaɗo nic ce ba!"

Ya koya musu cewa da hantsi inuwa tana ta raguwa, in ta tsaya ta soma ƙaruwa azahar ta yi. Abin da ya rage a tsakar ranar sai a riƙe shi. Tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafar kansa, babba ko yaro, don haka in an ƙara bakwai a kan abin da aka riƙe, la'asar ta shiga. Ya nuna musu yadda inuwar tsakar rana take doguwa da ɗari, da bazara kuma ta shige ƙarƙashin sawu har a rasa ta. Ina kaɗi a bayan danga, ni ma a nan na koya.

Abu ɗaya ne ya ɓata zamansa da yara. Kullum in awonsa ya cika, nasu da saura kusan ƙafa guda.

"Nawa kas samu?"

"Sha ɗaya, Baba."

"Ƙarya kaka yi, mai sawun raƙumi! Sha biyu ta. Miƙo hannu."

Tsumagiya ba ta rabuwa da shi. Yara suka gane, in ya tambaya sai su faɗi abin da ya samu. Lukmanu ɗan maƙera ne kaɗai ya ƙi, ya tsaya a kan sha ɗaya har Baba Halilu ya mare shi. Kunnen ya yi ruwa wata biyu, daga nan bai ƙara ji da shi ba.

Shekara goma sha tara ana haka. Sai wata rana, bayan an gama yankan gero, autata Rabi'a, tana da shekara tara, ta ce sha ɗaya. Ya ɗaga tsumagiya. Ta kare fuska da hannu tana kuka ta ce, "To Baba, ai rawaninka ma shina da inuwa."

Hannunsa ya tsaya a sama. Yara suka yi dariya, sun ɗauka rashin kunya ce. Ya sallame su, ya kira salla.

Washegari bai tara kowa ba. Ta kafar danga na gan shi ya duba gabas ya duba yamma, ya warware rawanin, ya cire hular. Ranar na fara ganin tabon, fari fat, ya yi ƙulli-ƙulli. Ya auna haka, ya mayar da hula da rawani ya sake aunawa. Da rawani awo ya cika. Ba rawani, sai da ya jira kamar tsawon alwala da raka'a huɗu. Kwana uku yana maimaita wannan. A na ukun ya matso gindin danga.

"Uwar Rabi'a, kin ji abin da ɗiyarki tac ce?"

Na ce na ji.

"Kin hwaɗa ma wani?"

Na ce a'a.

"In nig gyara a hankali, in riƙa jinkirtawa kaɗan, wa za shi sani?"

 Na ce, "Baba, ni dai da alwalata nika jiranka. Kana kira nika kabbara. Haka duk matan unguwag ga."

 Na ji tafiyarsa, yana jan ƙafa.

Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe gaban jama'a. Ɗana da ke wurin ya ba ni labari. Ya warware rawani ya ajiye gaban liman, ya tsaya da kai a buɗe, ya ce shekara goma sha tara yana kiran la'asar ba ta shiga ba, kuma duk yaron da ya daka a kan awo, yaron ne da gaskiya. Wasu suka yi salati. Wani daga baya ya ce, "Ashe abin da aka ɓoyo ke nan." Wani ya ce dama mi ya kai su ba bawa kiran salla.

Liman Ma'aruf ya ce sallar da aka yi kafin lokaci sai an rama ta. Ya ce su na masallaci wataƙila jiran sahu ya cece su wasu ranaku, amma ba shi da tabbas, mai shakka ya rama. Mata a gida da manoma a gona, waɗanda ke tayarwa da jin kira, su kam ba makawa. Aka ba wani ladanci.

Baba Halilu ya bi gida gida, kai a buɗe cikin rana, yana sallama daga zaure yana faɗa wa mata. Wata ta watso masa ruwan wanke-wanke. Wata tsohuwa ta tambaye shi uwarta da ta rasu bara fa, wa zai rama mata?  Ya je maƙera wurin Lukmanu, lokacin ya zama magidanci, ya durƙusa ya nemi gafara. Lukmanu bai ajiye guduma ba.

"Zagayo ta nan, Baba. Wancan ba shi ji, kai kas sani."

Ya zagaya ya sake faɗa. Lukmanu ya ce ya ji, bai ce ya yafe ba.

Ya tsinci tsakuwa ɗari biyu da ashirin da takwas ya zuba a ƙwarya, kowace ɗaya wata guda. Kullum yana rama la'asar uku, kwana goma ya jefar da tsakuwa ɗaya. Igiya yake tufkawa ya ci abinci. Iyaye suka hana yara zuwa, sai 'yan kaɗan da ke satar hanya, Rabi'a a cikinsu. Ba ya zagi kuma. Abin da yake fara cewa shi ne, "Ku ɗebe hula, ku ɗebe kallabi, ku ɗebe takalmi." In yaro ya faɗi abin da ya saɓa da nasa, sai ya ce, "Mu sake, ko ni na."

Shekara huɗu ya yi a haka. Da gwiwa ta ƙi, ya koma yi a zaune. Ya rasu da bazara, tsakanin azahar da la'asar. Mutum tara suka bi gawarsa. Lukmanu ya haƙa kabarin.

Da na shiga share ɗakin na sami ƙwaryar, na ƙirga, saura tamanin da bakwai. Na aika a tambayi liman ko zan iya ɗaukar masa su in na gama nawa. Ya ce ba a yi wa wani salla.

Na kai su filin na zube a gindin danga. Da su yara suke sa alamar kan inuwa yanzu. Allah Ya dubi abin da ya biya, Ya yafe masa saura.