Agogon Alhaji a Kan Rediyon Malam

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Bukar mai gyaran agogo. Lokacin zafi ne, irin wanda ruwan randa ma yake ɗumi, kuma shekarar duk ta yi mana nauyi. Ni ba marubuciya ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro. Amma akwai maganar da ta kamata jama'ar unguwarmu ta Abbaganaram su ji daga bakina.

Malam ba ya taɓa agogon batir. Nasa shi ne irin wanda ake murɗawa, mai ƙananan ƙarafa a ciki. Manyan 'yan kasuwar kifi na Baga Road duk shi suke kawo wa. Al'adarsa, agogo mai tsada ba ya kwana a shago ranar Juma'a. Ranar Alhamis zai zo da shi gida ya ba ni ajiya, mai shi ya karɓa ranar Asabar.

Shekara uku kafin rasuwarsa, wani dillalin kifi, Alhaji Modu, ya kawo agogon da ya sayo a ƙasar waje. Malam ya gyara, ya gwada kwana uku, daidai yake tafiya. Ya ba ni, na naɗe a hankici na ɗora a kan babban rediyonmu, domin nan ne wuri mafi tsawo a ɗakin, hannun yara ba ya kaiwa. Bayan kwana biyu Alhaji ya dawo, wai agogon gudu yake yi. Aka sake gyarawa, na sake ɗorawa. A karo na uku, a gaban mutane ya ce, "Malam, idonka ya gaji. Ka huta haka nan." Daga nan 'yan kifi suka janye ɗaya bayan ɗaya, Malam ya koma canza maɗauri da goge gilashi.

Makon jiya 'yarmu Falmata, da take karatu a jami'a, ta nuna mini hotunan agogo a wayarta. "Ya" take kira na, wato uwa. Ta ce, "Ya, dubi abin da Baba bai gani ba. Waɗannan maganaɗisu ba ya taɓa su." Na ce dama yana taɓa agogo ne? Ta bayyana mini cewa akwai wani siririn ƙarfe kamar gashi a naɗe a ciki, shi ke riƙe lokaci. In ya kusanci maganaɗisu sai ya manne da kansa, agogo ya kama gudu. Yanzu a masu tsadar ana yin sa da abin da maganaɗisu ba ya ja, wasu kuma a rufe cikin da kwanson ƙarfe. Na tambaye ta ina ake samun maganaɗisu a gida. Ta ce, "Ko'ina mana, Ya. Murfin firij, maɓallin jaka, lasifikar rediyo."

Abin da na tuna shi ne wata la'asar bayan maganar Alhaji. Malam ya ɗauko ɗan kamfas ɗinsa na neman alƙibla, ya kai kusa da rediyon, allurar ta juya. Ya tambaye ni, "Maman Falmata, a ina kike ajiye agogon mutane?" Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce rediyon nan ya fi kama tasha a waje. Ya fitar da shi baranda, ya kafa mini ɗan katakon ajiya a bango. Shi ke nan. Na ɗauka zancen tasha ne da gaske.

Ashe ya gane. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi a kasuwa, amma sai sunana ya shiga bakin 'yan kifi, shi kuwa bai yarda ba.

Ina tunanin me zai ce da ya ga waɗannan sababbin agoguna. Na san zai sa gilashinsa na ido ɗaya ya ce a buɗe masa ya gani tukuna. Zai yaba aikin, don ba shi da ƙyashi. Wataƙila kuma ya kalle ni ya ce ga wanda ya dace da gidanmu. Kayan aikinsa suna nan a akwati, babu mai amfani da su. Abin da ya rage a gari shi ne sunansa, shi ma da tabon da ba nasa ba.

Washegari da safe na sa mayafina, na ɗauki kamfas ɗin, na hau keke napep zuwa gidan Alhaji Modu. Ya tsufa, yana zaune a ƙofar gida da abokansa huɗu. Da muka gaisa ya ce in shiga ciki wajen iyali. Na ce a'a, Alhaji, a gaban mutane aka yi maganar, a gaban mutane zan gyara ta. Na ce idon Malam lafiya lau yake, ni ce na ɗora agogonka a kan rediyo.