Maganaɗisun da ya fi ƙarfin Inna

Ina dawowa daga kasuwar Mafara na iske Inna, kakarmu, ta kama ƙofar ɗakinta da hannu biyu tana ja, ƙofa ko gezau. Kaji kuwa sun shige ciki suna walima da geronta.

Yayana ne ya aiko da abin daga birni, wani ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da ke riƙe ƙofa a buɗe. Wai tokare ƙofa da dutse ƙauyanci ne. Ni na huda bango na ɗaura, shi ya sha albarka ta waya.

Riƙo kam yana yi. Sakin ne ya gagari tsohuwa mai ciwon kafaɗa. Tun hantsi take son ta rufe ɗaki ta sauya zane.

Na ce, "Inna, haƙuri, ci-gaba ne."

Ta ce, "Ci-gaban mai ginar rijiya dai. Yanzu ɗakina sai na nemo ƙato shi rufe min? Maido min dutsena, shi bai taɓa gardama da ni ba."

Da na kira Yaya, cewa ya yi in koya mata. Sai na ɗauko sukudireba na kwance tsiyar.

Masu aiko wa tsofaffi kayan zamani, kuna tuna hannun da zai taɓa su kuwa? Ku amsa min.