Baba Sanyi, Tsohon da Ya Hana Mu Allura

Kafin mai shara ya iso, shi ya riga ya buɗe ɗan ɗakin nan na bayan asibitin unguwarmu. Ba ya gaida kowa sai ya gaida firji. Ya ɗaga murfi, ya duba ma'aunin sanyi, ya leƙa kwalaben allurar riga-kafi, sannan ya juyo ya ce ina kwana. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Sunansa na yanka ma ya ɓace, kowa Baba Sanyi yake ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa akwai laifin da ban taɓa ba shi haƙuri a kansa ba.

Wata Litinin ce, shekaru da dama da suka wuce, na kai 'yata mai wata tara allurar ƙyanda. Mun fi mu arba'in a layi, rana tana dukanmu, sai ga shi ya fito wai yau babu allura. Ashe wuta ta ɗauke tun Juma'a, firji ya ɗumame kwana biyu, sai da safen nan ta dawo.

Shugaban asibiti ya biyo shi. "Haba Baba, ai sun sake yin sanyi. Taɓa ka ji. Ka ga layin nan kuwa?"

Baba ya zaro dafaffen ƙwan karyawarsa daga aljihu. "Ranka ya daɗe, sa wannan a firji. In ya koma ɗanye, ni da kaina zan miƙo kwalaben."

Ya juyo gare mu ya ce abin da ke cikin kwalbar ƙwayar cutar ce da aka raunana, rigarta kuma furotin ce, dangin farin ƙwai. In zafi ya lalata ta, sanyi ba ya gyarawa, jikin yaro ba zai koyi komai ba. "Ruwa kawai za mu tsira musu, uwa ta koma gida tana murna."

Ni kuwa, da bakina da ba ya shiru, na ce, "Tsoho, ka cika iyayi! Kai likita ne?"

"A'a 'yata, mai gadin firji ne. Ki dawo Alhamis."

Takardar gargaɗi aka ba shi, aka ce in ya sake sai kora. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya hau babur ya je ya ɗauko sabbi. Na dawo Alhamis ina cika ina batsewa, aka yi wa 'yata allurar.

Da zafi ya shigo, ƙyanda ta faɗo wa unguwa. Na ga uwayen da suka goya yara zuwa asibiti suka dawo da zani a hannu. 'Yata tana cuɗanya da yaran gidanmu masu ƙuraje, amma ko zazzaɓi ba ta yi ba.

Baba, kai ne ka yarda mu zage ka don kada mu yi kuka. Kai ne ka tsare abin da ido ba ya gani, ba don wani zai bincika ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Masu tasowa, ku koyi cewa a'a irin tasa, ko layi ya kai bakin titi.

Yarinyar nan ta girma, jiya ma ta kai nata jaririn ɗakinka. Baba, ka yafe mini. Ka tambaye ni yau waye likitan 'yata, kai zan nuna.