Kwalaben Ƙasar Taisa Lukivna

Ni ce mai riƙe makullan ginin sashen noma na jami'armu a nan Ternopil, shekara goma sha tara ke nan ina zaune a ɗan akurkin nan na bakin ƙofa. Kafin yaƙi Asabar tawa ce, in yi wanki, in leƙa jikoki. Yanzu kuwa an fito da darasin cike giɓi, na ɗaliban da yaƙi ya yi wa karatu kaca-kaca. Wani ya shekara biyu yana kallon malami ta waya, wata ta gudu Poland ta dawo, wani ya je fagen daga ya komo da abin da ya rage na jikinsa. Aka ce su riƙa zuwa ran Asabar suna rama aikin hannun da ya wuce su. Ba wanda ya tambaye ni ko gwiwoyina za su iya, takarda kawai aka miƙo mini.

A nan na san Taisa Lukivna, malamar ilimin ƙasar noma. Daga kudu ta zo, wajen tekun Azof, lokacin da aka kwaso jami'arsu aka raba mana malamanta. Shekarunta sittin da ɗaya, gajera ce, ba ta da fara'a, kuma rigar sanyi ɗaya na san ta da ita. Ubanta direban tarakta ne. Ita kuma tun da ta gama karatu ta tsaya koyarwa, ba ta taɓa neman zama farfesa ba, shekara talatin da huɗu tana ɗaki ɗaya tana koya wa yara murza laka. Mijinta ya rasu tun kafin yaƙi. 'Yarta tana Prague, kullum sai ta bugo tana roƙo ta taho, ita kuwa amsarta ɗaya ce, wai sai an gama zango.

Ranar da ta baro gida, mutane na ɗaukar hotuna da sarƙoƙi, ita ta ɗauki kwalabe goma sha huɗu, irin waɗanda muke jiƙa kokwamba a ciki, kowacce cike da ƙasar wata gona. Sojojin kan hanya suka zazzage uku suna neman abin da ba su samu ba. Sha ɗayan da suka tsira su ne kayan aikinta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka ba ta, kusa da tukunyar ɗumama gini. In an gama darasi sai ta kankare abin da yara suka murza, ta shanya a kan jarida, ta mayar cikin kwalba.

Aikin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ka ɗebi ƙasa a tafin hannu, ka ɗiga ruwa, ka cuɗa, ka murza ta zama zare, sannan ka lanƙwasa zaren ya zama zobe. In ta ƙi murzuwa, yashi ne. In zoben ya tsattsage, akwai laka amma da sauranta. In ya haɗe sumul, yumɓu ne. Sauran bayanin kuma fatar yatsa ce ke faɗa maka. Yaran waya sun haddace wannan tsaf, amma ka zuba musu ƙasa a hannu sai su tsaya suna kallonta kamar an miƙa musu jariri.

Kowane ɗalibi a nan yana da ɗan littafinsa na sakamako, mai shuɗin bango, kuma darasi bai ciwu ba sai malami ya sa hannu a ciki da alƙalaminsa. Taisa Lukivna ba ta taɓa sa wa wanda bai gane irin ƙasa biyar a gabanta ba. Yara sun sha kawo mata cakulan da furanni, ta karɓa ta yi godiya, ta tura musu farantin ƙasa.

Sai ga wani ɗalibi, Ustim, a zangon kaka. Ya bar karatu a shekarar ƙarshe ya shiga soja, ya dawo yana da shekara ashirin da huɗu. Hannun dama babu daga gwiwa. Na hagu yatsu uku suka rage, su ma likita ya ce ba za su ƙara jin zafi ko sanyi ba. Duk darussansa ya rama su, sa hannu ɗaya ya rage masa ya karɓi digiri, kuma na Taisa Lukivna ne. Za a rufe rajista ƙarshen Nuwamba. Ya faɗa mini da bakinsa, yana jiran in buɗe masa ƙofa, cewa in wannan karon ya wuce shi ya haƙura da karatun gaba ɗaya.

"Pani Orisya, na gaji," ya ce, haka suke kirana, wato Uwargida Orisya. "Wata shekarar kuma? Ba ni da ita a jikina."

Asabar ta farko ya gwada murzawa a kan tebur. Zaren ya fito, amma da ta tambaye shi me yake ji a yatsa, sai ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji.

"Me nake ji? Taisa Lukivna, jiya na kama butar shayi, sai da na ji ƙauri na san ta ƙone ni."

"To ba ka gane ta ba ke nan," ta ce. "Sai wani satin."

Wallahi ranar na ji haushinta. Na bi ta har ɗakin na ce, "Ke wai zuciyarki dutse ce? Yaron nan don mu ya bar hannunsa a can. Ja layi ɗaya da alƙalami ne zai gagare ki?"

Ba ta ko ɗago ba, tana kankare faranti. "Orisya, kin san inda za a tura shi? Gonakin da aka cire wa nakiyoyi. Shi zai ce wa manomi shuka nan, kada ka shuka can. In ya yi kuskure, wa zai ce ai hannu ne babu? Cewa za a yi, wa ya koyar da shi?"

"To sai ki bar shi ya tafi haka?"

"Ban ce ba. Rufe mini ƙofa, iska na shigowa."

Shi ma shugaban shirin, Yarema Pilipovich, ya sauko da kansa, ya yi ta zagaye-zagaye, wai a duba hali, wai ko ma'aikatar ilimi ba za ta ce komai ba. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ga alƙalami nan, in yana so ya sa nasa hannun. Bai sa ba, don ba darasinsa ba ne. Ya hau sama yana huci, ya manta hularsa a wurina.

Asabar ta biyu jiniyar harin sama ta yi kuka tun da safe, aka ɗauke wuta, ɗalibai huɗu kacal suka zo. Ta sallami ukun da wuri, ta tsayar da Ustim. Ina tsaye da fitila a hannu, don haka komai a idona aka yi. Ta ɗebi ƙasa kaɗan a bakin cokalin shayi ta miƙa masa.

"Buɗe baki."

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Haƙoran gaba, ba turame ba. Tauna a hankali, kada ka haɗiye."

Ashe tsohon malaminta, wanda ya koyar da su a gona tun tana budurwa, da haƙori yake tantance ƙasa. An daina koyar da haka tuntuni saboda taki da maganin ƙwari, ita ma ta ce rabonta da yi ya fi shekara ashirin. Sati guda ta yi tana gwadawa ita kaɗai a ɗakin da take haya, har dasashinta ya kumbura, don ba za ta koyar da abin da ba ta tabbatar ba. Yashi yana ƙaras-ƙaras. Turɓaya mai laushi tana narkewa kamar garin alkama. Yumɓu kuwa manne wa haƙori yake, ya ƙi fita.

Ustim ya tofar a kofi, ya kurkure baki. "Shekara biyar a jami'a, ashe cin ƙasa zan ƙare da shi. Da kakata na raye da ta ce dama ta faɗa."

"Kakarka ta fi ka hankali. Karɓi ta biyu."

Haka suka yi Asabar biyu, tsohuwa da saurayi suna tauna suna tofarwa, ni kuma ina jigilar ruwan ɗumi. Na ce musu ko in kawo gishiri da ɗan kitsen alade a haɗa, ba wanda ya kula ni. Yakan rikita ta uku da ta huɗu, ita kuma ba ta sassauta ba ko sau ɗaya. Wani lokaci sai in ga ta dafe tebur ta rufe ido, ta ɗan jima a haka, sannan ta ce a ci gaba.

Asabar ta ƙarshe ta sa ni na zuba ƙasar da kaina a faranti biyar, na rubuta lambobin kwalaben a takarda na sa a aljihu, don kada a ce ta yi masa alfarma. Ni ban san wace ce wace ba, hannuna kawai na kai. Ta farko ya faɗa daidai. Ta biyu ma haka. A ta uku ya daɗe yana juya baki, sannan ya ce laka ce matsakaiciya, ta gyaɗa kai. Ta huɗu ba ta ba shi wuya ba.

Ya sa ta biyar a baki, sai ya tsaya cak. Bai tauna ba, bai tofar ba.

"Laka mai nauyi," ya ce a hankali. "Da gishiri-gishiri, da ɗan alli. Ta kudu ce, gabas da garin Orihiv." Ya kalli farantin. "Wannan ba sai kin koya mini ba, Taisa Lukivna. Wata takwas ina cikin ramin yaƙi a cikinta. Duk bam ɗin da ya faɗo kusa, ita ke cika mana baki. Da ita a bakina aka ɗauko ni."

Na ciro takardar, ta duba lambar, ta duba kwalbar. Daga gonar gwaji ta jami'arsu ta ɗebo ta, inda ta yi shekara talatin tana kai ɗalibai duk bazara.

Ustim ya zaro littafin daga aljihun ƙirji, ya danne shi da dungulmin hannunsa yana neman shafin da yatsu ukun nan. Na matsa zan taimaka, ta harare ni, na koma. Da ya samu, ta rubuta sakamakon, ta sa kwanan wata, ta sa hannu. Ya yi godiya, ya ce in gaida jikoki, ya hau matakala ya tafi.

Ta zauna a kujerar ɗalibai, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Tausayinta ya kama ni, sai na ce ko in dafa shayi.

"Duk wanda ya bi ta hannuna na ce masa sai ya san ƙasar nan ciki da bai," ta ce. "Ba haka nake nufi ba, Orisya."

Akwai wasu shida da ke jira a waje, sababbi, sun dawo daga Jamus. Ta ce in ba ta minti biyar, sannan in shigo da su.