Gefen Dama na Motar Fulvio Ravetti

Da safiyar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ina cikin aji a makarantar koyon zanen motoci da ke Torino, wayar matarka ta shigo. Graziella ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ka sha kofinka, ka sunkuya ɗaure takalmi, ba ka ɗago ba. Haka Fulvio Ravetti, babban mai zanen bodin mota na kamfanin Aimonetti, ya bar duniya yana da shekara sittin da takwas.

Maestro, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, na zauna in rubuta yabonka, amma haushinka nake ji, kuma ba zan ɓoye ba.

Bari in fara da abin da ka cancanta. Shekaru da yawa kana zuwa ajina duk Alhamis, ba wanda ya sa ka. Ranar farko ba ka bari ɗalibai su taɓa fensir. Bokiti da soso kake ba su, ka kai su wurin ajiye motoci, ka ce su wanke. Wani ɗalibi ya taɓa cewa shi ba wankin mota ubansa ya turo shi koya ba. Ka ce masa, “Ranka ya daɗe, ido maƙaryaci ne, tafin hannu ba ya ƙarya. Wanke kafaɗar motar nan, ka gaya mini inda ta fara da inda ta mutu.” Yau shi ma yana sa nasa ɗaliban wanki. Kai ka koya musu cewa motar alfarma mai gudu, ko a fake take, dole ta yi kamar an riƙe ta da ƙyar. Kai ne kuma, idan ka ga sababbin motocin nan masu wangamemen baki da tsage-tsage a jiki, sai ka rufe ido ka ce, “Wannan ai kada ne da ya haɗiye firji.” Ɗalibin da zanensa ya lalace, ba ka taɓa kushe shi a gaban ’yan uwansa ba. Sai ka ja shi shagon kofi na ƙasa, ka faɗa masa gaskiya a hankali.

Wannan a hankalin naka shi ya jawo abin da muke ciki.

Kowa a sana’armu ya san yadda ake yi. Kafin a ƙera sabuwar mota, ana gina ta da yumɓu a cikakken girmanta, gefen hagu zanen mutum ɗaya, gefen dama zanen wani. A lulluɓe ta da leda mai sheƙi, a turo ta tsakar gidan kamfani a hasken rana, shugaba ya zagaya ya zaɓa. Gefen da ya faɗi, sai a kankare shi a mai da shi irin na ɗan uwansa. Motar Aimonetti ta bana, hagu naka ne, dama na Nives Calandra, ɗalibata, wadda kai da kanka ka ɗauka aiki bayan ta gama karatu.

Alhamis ɗinka ta ƙarshe, muna tsaye a shagon kofi, ka ce mini, “Ornella, yarinyar nan ta kayar da ni.”

Na ce, “Tsufa ne ya fara sa ka tausayi?”

Ka ce, “Wane tausayi? Layinta ɗaya ne, daga fitilar gaba ya hau kan taya, ya nutse a ƙofa, ya sake tasowa a ƙugu kamar numfashi. Ni layi uku na sa don in faɗi abin da ta faɗa da ɗaya. Nawa na shekara ashirin da suka wuce ne, na sake masa riga.”

Na ce to ka je ka gaya wa Injiniya Audisio, shugaban kamfanin, yau ɗin nan. Ka ce ai ba kyau a riga shugaba magana, a bari sai ranar tsakar gida, za ka tsaya a gefen Nives kowa ya gane. Na ce, “Maestro, Audisio ba ya gane ishara.” Ka yi dariya ka ce malaman makaranta gaggawa ke kashe su.

Ranar tsakar gida ba ta same ka ba. A cocin da aka yi jana’izarka, Injiniya Audisio ya tashi yana hawaye, ya sanar cewa don girmama ka ba za a yi zaɓe ba, gefenka za a ƙera, a sa wa motar sunanka. Mutane suka tafa. Nives tana kusa da ni, ita ma ta tafa. Kuma da yake ita ta fi kowa sanin hannunka, ita aka ba aikin kankare nata gefen ta mai da shi naka, ranar Litinin mai zuwa.

Ban zargi Audisio da mugunta ba, son ka yake yi. Amma wannan ba girmamawa ba ce. An ɗauki zanen da kai ka yanke wa hukunci za a kafa shi a matsayin kalmarka ta ƙarshe, a kankare wanda ya sa ka tsaya kana murmushi kamar an yi maka jika. Irin wannan dama ba ta zuwa wa matashi sau biyu. Wanda aka kankare gefensa ba tare da an ko duba ba, shekaru zai yi yana zana madubi da marfin tanki.

Da na je gaisuwa na gaya wa Graziella. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, “’Yar nan, Fulvio ne fa. Ni ma da na jira ya buɗe baki, da har yau ina gidan babana.”

Nives ta roƙe ni in yi shiru. Ta ce wa zai yarda, kuma wa zai so a ce yana jayayya da mamaci? Ba ni da shaida sai kunnuwana, na sani. Don haka, Injiniya Audisio, ba na ce ka gaskata ni ba. Kafin Litinin, ka sa a turo motar tsakar gida kamar yadda aka saba, ka zagaya ta, ka zaɓa da idonka. Idan hagu ya ci, ya ci. Amma kada a rufe bakin Fulvio da sunan ƙaunarsa.

Maestro, na faɗi abin da ka bari sai gobe. Ka yafe mini gaggawata, na yafe maka jinkirinka.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa a cikin haskensa. Ina miƙa ta’aziyyata ga Graziella, da ’yarku Marisa, da jikokinka, da ma’aikatan Aimonetti, da ɗalibanmu duka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kuma ba masu rai ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani.

Ornella Bosio, Torino