Kujerar Baƙon Kakana

Ya Edita, ni 'yar Mandawari ce, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina cikin 'yan matan unguwarmu ƙalilan da suka wuce elemantare. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Ina da Turanci, ina da baki, ba ni da haƙuri ko kaɗan. Idan aka ja magana sai in ji kamar in fizge ta in kai ta ƙarshe da kaina. A gidan kakana na tashi, malami ne da magidanta ke ɗaukar tauhidi a zaurensa, kuma shi ya tsaya aka bar ni na yi boko.

Duk ranar Alhamis, da yake ba karatu, wani dattijo Kirista yakan zo daga Sabon Gari a kan tsohon kekensa. Mutumin Kudu ne, ya taɓa karatun limancin coci, daga baya ya yi akawu har ya ajiye aiki. Abin da ya kawo shi, ya karanta cewa malamansu na dā sun san falsafar Girkawa ne ta hannun malaman Musulmi, shi ne yake neman wanda zai yi zancen da shi. Hausarsa ta cefane ce, kakana kuwa ba ya jin Turanci, don haka idan ina hutu sai a zaunar da ni a bakin soron ciki in yi tafinta. Gwiwa tana damun baƙon, ba ya iya zaman tabarma, sai kakana ya sa kafinta ya yi masa 'yar kujera. Har yau ina jin ƙamshin turaren zauren, ina ganin yadda suke raba goro ɗaya, baƙon yana yamutsa fuska don ɗaci, kakana yana yi masa tsiya wai mai neman sanin asalin duniya ya kasa da goro.

Zancensu ɗaya ne kullum: ina hankali yake tsayawa a sha'anin Allah? Baƙon yakan ce malamansu sun rabu. Wasu na cewa falsafa ɓata imani take yi, wasu na cewa 'yar rakiya ce, tana riƙe wa mutum fitila har ƙofa, amma shiga ciki sai da wahayi. Kakana yakan ce mu ma an yi wannan rigimar, sai ya kawo dalilin hankali a kan cewa duk abin da aka yi akwai wanda ya yi shi. Baƙon ya tafa cinya ya ce ai nasu littafin ma haka ya faɗa. A nan suke haɗuwa, a gaba kaɗan su rabu, kafin magariba ya hau kekensa. Ni kuwa haushi nake ji. Tsofaffi biyu, wata da watanni, ba wanda ya ci.

Wata Alhamis, ba kowa sai mu uku, baƙon ya sassauta murya ya ce batun Allah ɗaya cikin uku, tun yana saurayi hankalinsa ke kaiwa nan ya tsaya. Ya ce ya gaskata, amma da imani yake riƙe da shi, ba da hujjar da zai iya shimfiɗawa ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa a cocinsu ba. Sai kakana ya ce shi ma akwai inda nasa hankalin yake durƙusawa, kamar zancen ƙaddara. Na fassara duka, amma a raina abu ɗaya na ji: kakana ya yi nasara. Washegari a gidan suna na buɗe baki a tsakiyar mata na ce Kiristan nan ya amsa da kansa cewa addininsa ya fi ƙarfin hankalinsa, saura kawai ya karɓi kalmar shahada.

Kun san cikin gari. Alhamis ta zagayo, ƙofar gidanmu ta cika kamar ana biki. Wani attajirin maƙwabcinmu har ya ɗinko farar riga da hula, wasu suna musu a kan sunan da za a raɗa wa baƙon. Da ya karyo kwana aka ɗauki kabbara. Ya sauka daga keke, ya dubi rigar, ya dubi mutane, na ga lokacin da ya gane. Bai zauna ba. Ya gaida kakana da 'yar Hausarsa, sannan ya juyo gare ni ya ce da Turanci, a hankali, maganar nan mutum ɗaya ya faɗa wa, bakina kawai ya ara. Ya ja kekensa da ƙafa har ya ɓace a lungu.

Kakana bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Da mutane suka watse ya kira ni, ya ce duk wanda ke shigowa zauren nan “haka ne, Malam” kawai yake ce masa, mutum ɗaya ne yake tambayarsa me ya sa, yanzu wa zai tambaye shi? Ya aika Sabon Gari da goro da ban haƙuri. Aka dawo da gaisuwa mai kyau, amma mai gaisuwar bai sake zuwa ba. Daga baya muka ji labarin ya isa cocinsu, an sa shi ya tashi a gaban jama'a ya wanke kansa, ba a daɗe ba ya koma garinsu.

Yanzu ina koyarwa, kuma na gane abin da na kasa ganewa a lokacin. Su biyun ba neman wanda zai ci suke yi ba, kowa ya samu wanda zai iya nuna wa iyakar saninsa ne ba tare da tsoro ba. 'Yan'uwana masu ɗan ilimi da saurin baki, idan mutum ya gaya muku inda hankalinsa ya tsaya, amana ya ba ku, kada ku kai ta gidan suna. Kakana ya rasu bara. Har ya bar duniya, duk Alhamis sai ya sa an fito da kujerar nan an kakkaɓe ta, kuma ni yake sawa.